Yadda ake shawo kan masu lambu su daina barin taki yana gangarewa teku

A gaɓar jihar Kwinsland ta Ostareliya akwai tsaunukan murjanin nan na Great Barrier Reef, tsawon kusan kilomita 2,300, kuma ruwan da ya fito daga gonakin ayaba da rake da kayan lambu can yake ƙarewa. Taki in ya shiga teku gansakuka ke samun abinci, laka kuma ta dushe ruwan ta hana murjani hasken rana. To in kai malamin gona ne a irin wannan wuri, ga yadda za ka bi da manoma.

Da farko dai kar ka soma da zancen murjani, wallahi ba zai saurare ka ba. Fara da aljihunsa. A garin Tully inda ake noman ayaba sosai ruwan sama yana kaiwa milimita 4,000 a shekara, mutum ya watsa yuriya yau gobe a tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kaga kuɗinsa ne ya bi rafi. Ku zauna ku yi lissafin buhunan tare, shi da kansa zai ce a'a, wannan asara ce.

Sai gwajin ƙasa da na ganye, don a san abin da shukar take buƙata ba kintace ba. Daga nan ka nuna masa raba takin kaɗan kaɗan, in yana da bututun ban ruwa ma a narkar da shi a ciki ya tafi gindin shuka kai tsaye, kuma ya riƙa duba hasashen yanayi kafin ya zuba taki ko ya yi feshi.

Maganar laka ita ce ta fi wuya, don manoma da yawa gani suke gona mai ciyawa gonar malalaci ce. Roƙe shi ya bar ciyawa tsakanin layukan ayaba a ɓangare ɗaya kawai. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ɗebo ruwan magudana a kwalba biyu, ɗaya daga wajen ciyawar ɗaya daga inda ba ciyawa, ka ajiye masa a kan mota, ta farko garau ta biyu jajawur. Ba sai ka yi dogon bayani ba. In ya gamsu sai a zo kan ramin tare laka a ƙarshen gona, wasu har rami suke cikawa da ɓarzajjen katako ruwan ya ratsa, ƙwayoyin halittar ciki su rage sinadarin naitirojin na takin.

Kuma ka bar manomi ya yi wa manomi magana, maƙwabcin da ya gwada ya fi ka baki.

Na ƙarshe rubutu. Tun 2019 dokar jihar ta wajabta wa masu rake da ayaba ajiye bayanin takin da suka zuba, shirin Hort360 na ƙungiyar Growcom kuma yana taimaka wa masu lambu su auna aikinsu har su samu shaida. Ka zauna ka cike na farko tare da shi, don yawanci a nan ake gajiya a watsar.