Kurakuran da Iyaye Suka Fi Yi Wajen Kai Ƙananan Yara Hutun Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Faransa

Iyalai da dama daga cikinmu, musamman mazauna Ingila da Jamus da Faransa, da kuma masu tasowa daga gida da bizar ziyara, sun fara sha'awar kai 'ya'yansu tsaunukan Alps a lokacin sanyi, domin su ga dusar ƙanƙara ido da ido, su kuma ɗan koyi wasan zamiya a kanta. Tafiya ce mai daɗi idan an shirya mata. Abin da na lura da shi kuwa shi ne, yawancin wahalar da ake sha a can tun a gida ake shuka ta, a ranar da uwa ko uba suka zauna suna zaɓen wuri ta hanyar kallon hotuna, suka manta cewa jikin autan gidan da ƙarfinsa su ne ya kamata a auna komai da su.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaɓen wuri mai tsayi sosai saboda an ce can ne dusar ƙanƙara ta fi tabbata. Gaskiya ne ta fi tabbata, domin ƙauyen Val Thorens yana kan tsayin mita 2,300 daga matakin teku, Tignes kuma wajen mita 2,100, kuma duk mita 1,000 da aka hau sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi. Sai dai iskar da ake shaƙa a wannan tsayi ba ta ƙosar da jiki kamar ta ƙasa, shi ya sa ƙananan yara sukan kasa barci, su ƙi abinci, su yi ta kuka ba tare da sun iya faɗin abin da ke damunsu ba. Gyaran wannan shi ne a kwana a ƙauyen da ke ƙasa, kamar Morzine mai tsayin mita 1,000 ko Les Gets da ya ɗara shi kaɗan, sannan wanda yake so ya hau sama da rana ya dawo da yamma. Abin da za a sadaukar shi ne tabbacin dusa a farkon Disamba da ƙarshen Maris, don haka mai zaɓen ƙauyen da ke ƙasa sai ya tsayar da tafiyarsa tsakanin Janairu da farkon Maris.

A nan akwai maganar da ta shafe mu fiye da yawancin Turawan da za mu tarar a can, wato cutar sikila. Abubuwa uku da aka sani suna tayar da ciwon su ne tsananin sanyi, da ƙarancin iskar shaƙa, da ƙarancin ruwa a jiki, kuma duka ukun suna haɗuwa a kan tsauni a lokacin sanyi. Iyalin da ke da yaro mai sikila bai kamata su biya ko sisi ba sai sun zauna da likitan da ke duba yaron, sun faɗa masa sunan ƙauyen da tsayinsa da adadin kwanakin, kuma idan ya ce a'a, to a bar maganar tsauni, domin ana samun dusar ƙanƙara a wuraren da ba su da tsayi. Ko masu ɗauke da rabin ƙwayar cutar, waɗanda ake ce wa AS, an sha samun wanda saifarsa ta yi ciwo a wuri mai tsayi ƙwarai, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa. Haka ma yaro mai asma, busasshiyar iska mai sanyi tana iya tayar masa da ita, saboda haka maganin shaƙarsa ya zauna a aljihun ciki na rigar babba, inda ɗumin jiki zai riƙa kai masa, kuma a san nisan asibiti mafi kusa tun kafin a isa.

Sai kuma lokaci. Makarantun Faransa suna hutun sanyi ne kashi-kashi, shiyya uku, daga farkon Fabrairu zuwa farkon Maris, hutun tsakiyar zango na makarantun Ingila kuma yana faɗowa a tsakiyar Fabrairu, don haka a waɗannan makonni da makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kuɗin masauki yakan yi tashin gwauron zabo, layuka kuma su yi tsawo. Wanda 'ya'yansa ba su shiga makaranta ba bai da dalilin shiga wannan cunkoso. Makonnin da ke bayan sabuwar shekara sun fi araha amma sun fi sanyi, tsakiyar Maris kuwa rana ta fi tsawo kuma sanyin ya sassauta, kuma ni ita na fi zaɓa wa mai yaro ɗan shekara biyu ko uku, muddin ƙauyen yana da hanyar hawa zuwa inda dusar ba ta narke ba. A duba kalandar Musulunci ma, domin azumin 2026 ya kama a tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya, ma'ana zai ɗauki shekaru yana faɗowa cikin lokacin dusar ƙanƙara.

Masauki mai araha da aka rubuta cewa tafiyar minti goma ce daga filin wasa yakan yaudari mutane da yawa. Minti goman babba ne mara kaya. Idan aka sa wa yaro ɗan shekara huɗu takalmin zamiya mai tauri da nauyi, uba ya rungumo allunan zamiya na mutum uku, uwa tana tura keken jariri a kan hanya mai santsi, tafiyar takan koma rabin awa, kuma yaron ya gaji tun kafin darasi ya fara. Na taɓa yin wannan kuskure, kuma kwana shida muka yi muna biyan bashinsa safe da yamma. Kafin a kama ɗaki, a buɗe taswira a nemo ainihin wurin da makarantar koyar da yara zamiya take taruwa, a auna nisan daga ƙofar masauki, a kuma tambaya ko hanyar hawa ce ko gangara. Akwai ƙauyuka irin su Avoriaz da ba a shiga cikinsu da mota, wanda hakan kwanciyar hankali ne ga mai yara masu guje-guje, sai dai shi yana kan tsayin mita 1,800, don haka sai a haɗa da maganar da ta gabata.

Makarantar koyar da zamiya mafi girma a Faransa ita ce ESF, wadda aka kafa a 1945, kuma sashenta na ƙananan yara, mai suna Piou-Piou, yana karɓar yara daga shekara uku a wani fili da aka kewaye musu. Iyaye sukan yi kuskure biyu a nan. Wasu sukan bari sai sun isa su nemi gurbi, su tarar an cike tun watanni, wasu kuma sukan biya wa ɗan shekara uku darasin yini guda, alhali awa biyu da safe ta ishe shi. A kama gurbi a ranar da aka kama masauki, a faɗa musu harshen da yaron yake ji, a kuma tabbatar ya iya neman banɗaki da kansa, domin galibi suna sa wannan sharaɗi. Wanda bai kai shekara uku ba wurin renon yara ake kai shi, shi ma sai an kama gurbi da wuri, kuma sukan nemi katin rigakafi. Ina roƙon iyaye maza musamman da kada su sa yaro tsakanin ƙafafunsu su gangaro da shi alhali su kansu ba su ƙware ba, domin idan babba ya faɗi, a kan yaron yake faɗuwa. Game da tikitin hawa motocin igiya masu kai mutane saman tsauni kuwa, wurare da yawa ba sa karɓar kuɗi daga yaron da bai kai shekara biyar ba idan an nuna shaidar haihuwarsa, kuma mai koyo a makon farko ba ya buƙatar tikitin da ya haɗe dukkan tsaunukan yankin.

Tufafi su ne inda al'adarmu ta hunturu take cutar da mu. Mun saba idan sanyi ya yi mu jibga wa yaro riguna huɗu ko biyar na auduga, mu ɗora rigar sanyi a sama, kuma a Kano ko Jos hakan yana aiki. A kan dusar ƙanƙara yaro yana wasa ya yi gumi, audugar ta tsotse gumin ta riƙe, sannan ta koma tana zuƙe masa ɗumin jiki da zarar ya tsaya. Hawa uku ake so: na ciki mai manne wa jiki, na ulu ko zaren roba, na tsakiya mai kauri da laushi, sai na waje wanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Safa guda ɗaya doguwa ta fi biyu, domin biyu suna matse ƙafa a cikin takalmi su hana jini gudana. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu a wuri ɗaya ta fi mai rarrabe yatsu ɗumi, kuma a tafi da biyu ga kowane yaro, saboda ɗaya za ta jiƙe kafin azahar. Allunan zamiya da takalmi da hular kwano haya ake yi a can, kuma ko da yake dokar Faransa ba ta tilasta hular ba, kada yaro ya hau allo ko abin sulu babu ita.

Goyo ma yana buƙatar kulawa ta musamman. Jaririn da ke goye ba ya motsi, ƙafafunsa suna reto a waje kuma majanyi ko igiyar jakar goyo ta matse cinyoyinsa, ita kuwa uwar tana tafiya tana jin ɗumi, sai ta ɗauka shi ma haka yake ji. Likitocin yara a Faransa sun daɗe suna gargaɗi a kan daɗewa da jariri a baya cikin tsananin sanyi, kuma yin zamiya da goyo abu ne da ba a yi ko kaɗan. A taƙaita fita da jariri, a riƙa taɓa hannunsa da ƙafarsa da hancinsa, domin a baƙar fata ba lallai ne a ga jan da littattafan Turawa suke kwatantawa ba, sai dai a ji wurin ya yi sanyi da tauri, ko ya yi fari-fari kamar toka. Idan hakan ta faru a shiga ɗaki a ɗumama wurin da jikin babba ko ruwa mai ɗumi kaɗan, ba tare da murzawa ba, sannan a nemi likita.

Mutanenmu da yawa suna ganin rana ba ta yi mana komai. Sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna zuwa fuska, kuma ido ba ruwansa da launin fata. Kowane yaro ya samu tabarau na ainihi mai lamba 3 ko 4 a ma'aunin tare hasken rana da man kariya daga rana, da dare kuma a shafa masa man kaɗanya a fuska da leɓe, a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba.

Inshora kuwa, wadda ake nema wajen bizar Shengen, wato bizar shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, mai ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, sau da yawa ba ta haɗa da wasannin dusar ƙanƙara ba, kuma a Faransa idan masu ceto suka sauko da wanda ya ji rauni daga filin zamiya, sai ya biya kuɗin aikin. Katin lafiya na Turai ko na Ingila ba ya biyan wannan. A karanta takardar a ga an ambaci wasannin sanyi da ceto daga tsauni, a kuma bayyana duk wata cuta da yaro yake da ita, domin ɓoye ta yana soke inshorar. Mai fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar da ke zaune a Ingila ya tuna cewa takardar zamansa ba ta shigar da shi Faransa. Ana karɓar neman biza tun wata shida kafin tafiya, kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, kyauta ga wanda bai kai shida ba, kuma ofishin jakadancin Faransa ake nema ko da a Jeniba ta Suwizalan jirgi zai sauka, tunda a Faransa za a yi kwanakin.

Mai tuƙa mota ya san cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin sanyi ko riƙe sarƙar taya a yankunan tsaunuka, kuma gara ya gwada ɗaura sarƙar da rana a wuri busasshe kafin ya buƙace ta cikin duhu. A cire wa yaro rigar sanyi mai kumburi kafin a ɗaure shi a kujerarsa ta mota, domin tana hana bel ɗin kama jiki, sai a lulluɓe shi da ita daga sama. Asabar ce ranar da masu hutu ke shiga da fita, hanyoyin kwari sukan cushe, kuma kwanar hanyar hawa tana sa yara amai.

Abincin yankin Savoie, inda waɗannan ƙauyuka suke, cuku ne da dankalin turawa da naman alade, kuma narkakken cukun da suke kira fondue da giya ake dafa shi. Wanda ya kama otal mai haɗe da abinci bai tambaya ba yakan ƙare da ciyar da yara burodi da soyayyen dankali har mako ya ƙare. Masauki mai kicin ya fi dacewa da mu. A tsaya a garuruwan kwari irin su Annemasse ko Albertville a sayi naman halal da shinkafa da kayan miya kafin a hau, domin a sama kaya sun fi tsada kuma da wuya a samu mahaucin halal, a kuma koyi gane kalmomin porc da jambon da lardons, masu nuna naman alade, a jikin takardar abinci. Cikin aljihun rigar kowane yaro a saka ɗan dabino, da takarda mai ɗauke da sunansa da lambar wayar iyayensa da sunan masauki, manya kuma su haddace 112, lambar neman agajin gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai.