Yadda Ɗalibi Zai Kwaikwayi Zanen Vermeer da Fentin Mai

Johannes Vermeer, mutumin garin Delft a ƙasar Holan, ya zana hoton yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u wajen shekarar 1665, kuma hoton yana ajiye a gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague. Ya dace da mai koyo, domin fuska ɗaya ce a gaban duhu, haske kuma daga hagu yake faɗo mata.

Da farko a nemi bugun hoton mai kyau, da ƙyallen zane daidai girman na asali, wato santimita 44.5 a tsaye, 39 a kwance. A shafe ƙyallen da fenti ruwan toka, a bar shi ya bushe, saboda farin ƙyalle yana ruɗin ido wajen auna duhu. Daga nan a ja layuka a tsaye da a kwance a raba hoton da ƙyallen gida-gida iri ɗaya, a fitar da siffar kai da kafaɗa da gawayi.

Matakin da ke biye shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ɗalibai suka fi yin gaggawa. A ɗauki fenti ruwan ƙasa da fari kaɗai, a tsinka su da tafentain, wato ruwan da ake sirka fentin mai da shi, a zana hoton gaba ɗaya ba tare da wani launi ba, har sai inuwar wuya da ta kunci sun zauna inda suke a na asali. Idan haske da inuwa ba su daidaita a nan ba, babu shuɗi ko ja da zai gyara su daga baya.

Bayan ya bushe sai a shigo da launi a hankali, kowane shafi ya ɗara na ƙarƙashinsa yawan mai, in ba haka ba fentin zai tsattsage. Shuɗin ɗankwalin yarinyar, Vermeer ya samo shi ne daga lazurdi, wani shuɗin dutse mai daraja na Afganistan, amma na kanti ya wadatar. A lura cewa bai ja layi tsakanin karan hanci da kuncin da ke cikin haske ba, sun saje da juna, don haka kada ɗalibi ya ƙara abin da babu.

Ɗan kunnen ne ƙarshe: ɗigon fari mai kauri a sama, da shafi mai laushi a ƙasa inda farar kwalar rigar ta haska shi. A lokacin hunturu a jingina zanen yana fuskantar bango saboda ƙura, kuma kada a shafa masa banish, wato man da ke kare fenti ya sa shi ƙyalli, sai ya yi aƙalla wata 6.