Kafin ka sayi furosesa, fara duba soket

'Yan uwa, ga mai shirin haɗa kwamfutar tebur don wasanni, shawarata ita ce ya fara duba soket ɗin madabod (wato gurbin da ake ɗora furosesa a kan babban allon kwamfuta) kafin sunan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Soket ne ke yanke ko nan gaba furosesa kaɗai za ka canza, ko sai ka sake komai.

AMD, mai ƙera furosesa, ta fito da soket ɗin AM5 a 2022, kuma ta yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 zuwa sama. Tana da tarihi a nan: waɗanda suka sayi madabod samfurin B350 mai tsohon soket AM4 a 2017, da yawa sun ɗora masa furosesa 5800X3D bayan shekara biyar, sabunta BIOS (manhajar cikin madabod) kawai suka yi. Intel kuwa ta rufe soket ɗin LGA1700 a furosesocinta zubi na 14, sababbin Core Ultra 200S sai LGA1851.

Ni dai da kuɗina, madabod B650 mai AM5 zan ɗauka da furosesa Ryzen 5 7600, in zuba ragowar a katin girafik, don shi ne ke ɗaukar nauyin wasa. In hali ya samu daga baya, sai 7800X3D, mai ma'ajiyar L3 (ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa) har 96MB. AM5 fa RAM (ma'ajiyar wucin gadi) nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa, tsohon DDR4 ɗinka ba zai shiga ramin ba, kada ka matsa.

Mai AM4 a hannu kuma kada ya yi gaggawa, ya nemi furosesa 5700X3D. Kuma a zafin Afrilu irin namu, kada a yi rowar fankar sanyaya furosesa.