Silinda biyu a gefe: yadda za ka auna abin da zai iya lalacewa kafin ka nutsa

Toh 'yan uwa, mu nan Zariya ba mu da teku, iyakarmu dam ɗin Kubanni da na Shika sai kogin Galma, amma akwai matasanmu da ke zuwa Legas ko Masar bakin Bahar Maliya su koyi nutso da silindar iska, kuma wasu hankalinsu ya karkata kan saidmawunt, wato rataya silinda biyu a gefe, ɗaya dama ɗaya hagu ƙarƙashin hammata maimakon goyo a baya. Masu shiga kogon dutse mai ruwa a Ingila ne suka fara shi a shekarun 1960 saboda matsatsin hanya.

Kowane kaya ka ɗauka ka yi masa tambaya uku: yana yawan lalacewa? in ya lalace me zan rasa? hannuna zai kai gurin a cikin ruwa?

Fara da iska don ita ce rai. A salon nan kowace silinda zaman kanta take, da bawul ɗinta na buɗe iska da rufewa, da regileta, wato abin da ke rage ƙarfin iskar ka shaƙa ta baki, da geji mai nuna iskar da ta rage, babu bututun da ya haɗa su kamar na masu goyon biyu a baya. Amfanin shi ne duk abin da ya samu ɗaya bai shafi ɗayar ba, kuma bawul na gaban idonka, kana ganin kumfa ka miƙa hannu ka rufe. Amma fa akwai kuɗin da kake biya, in regileta ɗaya ta mutu iskar da ke cikin wannan silindar kusan ta fita hannunka kenan. Shi ya sa dole ka riƙa komawa daga regileta ɗaya zuwa ɗayar duk bayan bar 30 zuwa 50 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska da geji ke nunawa) don silindar biyu su riƙa sauka tare, kuma a kowane lokaci silinda ɗaya kaɗai ta isa ta fito da kai sama har da tsayawar da ake yi a hanyar fitowa don jiki ya sauke iskar da ya sha. Wallahi nan ne mutane ke yin sake, mutum ya shagala da kallo ya shanye ta dama tas, sai kuma ta hagun ta zo da matsala.

In regileta ta ɓalle tana ta furzar da iska ba tsayawa, rufe bawul ka koma ɗayar. In kana buƙatar ragowar iskar, buɗe kaɗan ka shaƙa ka rufe, ka sake, amma wannan sai ka koya gurin malami a ruwa mara zurfi har hannunka ya saba.

Tiyo kuma mutane na tsoron na geji saboda ƙarfin iskar cikinsa, alhali ƙofarsa kamar kafar allura take, a hankali yake zubarwa. Wanda ke kai iska baki shi ne in ya fashe cikin 'yan mintuna ya kwashe silinda. Don haka lanƙwasa shi kusa da ƙarfen bakinsa ka duba tsagewa, musamman kayan da suka sha zafin bazara da bushewar hunturu a ɗaki, roba ba ta son haka ko kaɗan, har ƙananan zobban roba na bakin bawul. Ni dai na fi natsuwa da regileta mai haɗin DIN, wadda ake murɗawa ciki, don zoben robarta a killace yake.

Igiyar roba mai riƙe wuyan silinda tana tsinkewa, amma wannan ba ya kashe mutum in kana da ƙugiya ta biyu a wuyan. Silindar alminiyam mai lita 11 kuma in iska ta ragu gindinta tashi yake, don nauyin iskar cikinta in tana cike ya fi kilo 2, sai ka matsar da ƙugiyar da ke riƙe gindin silindar zuwa zoben gaba na ɗamarar ƙugunka.

Dan Allah kar wanda ya kai silinda gurin mai faci ko masu walda a Sabon Gari wai a cika masa, iskar numfashi sai kwamfuresa mai matata, in hayaƙi ko mai ya shiga a can ƙasa zai sumar da kai. Kafin sauka buɗe bawul biyun duka, shaƙi kowace regileta kana kallon allurar gejinta, in tana rawa to bawul bai gama buɗuwa ba. Sannan kuna shiga ruwa ku tsaya kusa da sama abokin nutsonka ya zagaye ka ya duba ko kumfa na fita ta wani guri, kai ma ka duba shi.