Ina Sarƙar Sarauniya Ta Shiga? Kurakuran Masu Bin Sawun Adon Sarakunan Turai

Mai kallon tsohon zanen sarauniya, da zarar idonsa ya sauka a kan sarƙar wuyanta, tambayar da ke zuwa masa ita ce: ina take yanzu? Tambayar ba laifi. Laifin yana wajen ɗaukar zane tamkar hoton kyamara. Ɗauki Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas na Ingila, wadda aka fille wa kai a 1536. An fi saninta da sarƙar lu'ulu'u mai harafin B na zinariya a tsakiya. Amma zanen da ake yaɗawa, wanda ke gidan adana zane na Landan, an yi shi ne a ƙarshen ƙarni na 16, ta daɗe a kabari. Don haka kafin ka fara neman sarƙa, nemi shekarar zanen, ka kuma bincika ko mai shi ta zauna gaban mai zanen ko kwafi aka yi daga wani. Launi ma yana yaudara. Baƙaƙen duwatsun da ake gani a rigunan sarakunan wancan zamani yawanci daimon ne, domin yankan lokacin ba ya walƙiya kamar na yau, sai masu zane su yi shi baƙi.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne na kama. Kama da wane kuwa ba wane ba ne. An ɗauki shekaru ana rubuta cewa ƙaton lu'ulu'un da ke reto a ƙirjin Sarauniya Mary ta Ingila a zanenta na 1554 shi ne La Peregrina, wanda aka tsamo a tekun Panama ya shiga taskar sarakunan Sifaniya. Labarin ya yi daɗin faɗa: mijinta Philip na Biyu ɗan Sifaniya ne, siffar kuma iri ɗaya, sama siriri ƙasa mai faɗi. Shi dai La Peregrina sawunsa a fili yake. Joseph Bonaparte, ɗan'uwan Napoleon, ya fice da shi daga Sifaniya a 1813, ɗan fim Richard Burton ya saya wa matarsa Elizabeth Taylor a 1969 kan dala 37,000, aka sake gwanjonsa a 2011 kan sama da dala miliyan 11. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: Mary ta mutu a 1558, shi kuwa ba a fara ambatonsa a takarda ba sai 1579. Ta yaya za ta sa abin da bai fito daga ruwa ba? Wani lu'ulu'u dabam da ya ɓullo a gwanjo a Landan a 2004, mai nauyin karat 64, ya fi La Peregrina nauyi, shi masana da dama ke ganin na Mary ne. Maganin wannan kuskure ba ya buƙatar digiri. Jera shekarun a takarda, na mutum da na dutse, ka ga ko sun haɗu.

Wasu kuma sarƙar suke nema sukutum yadda take a zane, alhali kayan ado ba sa zama haka. Kamar yadda mata ke kai tsohuwar sarƙa wurin masu gwal a narka a ƙera sabon yayi, haka fada take yi, sai dai nata ya fi yawa. A 1649, bayan an kashe Sarki Charles na Ɗaya, majalisar Ingila ta sa aka narka kambunan sarauta aka sayar da duwatsun. Kambin da ke gefensa a zanen 1631 ba ya ko'ina, kada ka wahalar da kanka. Dutsen ake bi, ba zinariyar da ta riƙe shi ba.

Shi ma dutsen yana ramewa. Shuɗin daimon da ɗan kasuwa Tavernier ya kawo daga Indiya ya sayar wa Sarkin Faransa Louis na Sha Huɗu a 1668 ya haura karat 110. Aka yanke shi ya dawo kusan 67. A Satumban 1792, ana tsakiyar juyin juya halin Faransa, ɓarayi suka fasa ma'ajiyar sarauta a Faris suka yi awon gaba da shi. Shekara ashirin cif bayan haka, wani shuɗin daimon mai karat 45 da ɗoriya ya bayyana a hannun wani dillali a Landan, shi ne ake kira Hope, yana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka tun 1958. Wanda ya tsaya kan nauyi kawai zai ce duwatsu biyu ne. Abin da ya raba gardama wani ɗan curin dalma ne da aka gano a 2007 a ma'ajiyar wani gidan tarihi a Faris, zubin ainihin dutsen sarki kafin a sace shi. Da aka auna kusurwoyinsa a kwamfuta, sai ga Hope ya shige cikinsa daidai. Koh-i-Noor, shahararren daimon na masarautar Ingila, shi ma haka, daga karat 186 ya koma 105.6 a yankan 1852.

Suna kuwa kada ka dogara da shi. Jan dutsen da ke goshin kambin Ingila, wanda ake kira yaƙutun Black Prince, ba yaƙutu ba ne, wani jan dutse ne wanda mutanen zamanin da ba sa bambanta shi da yaƙutu. Kambin Saint Edward na yanzu, wanda ake naɗa sarakunan Ingila da shi, ƙirar 1661 ne, sunan wanda aka narka ya gada.

Akwai kuma rashin rabewa tsakanin kayan masarauta da kayan sarauniya na kanta, wanda ke sa mutum ya yi ta tono a inda ba a binne komai ba. Na masarauta suna cikin littafin ma'aji, kuma gwamnati ke yanke hukuncinsu, kamar yadda Faransa ta yi gwanjon yawancin nata a 1887. Na kai kuwa hanyar gado suke bi. Marie Antoinette, sarauniyar Faransa, ta tattara nata a akwati a 1791 aka fitar da su zuwa Brussels, daga can Vienna, aka damƙa wa 'yarta, suka zauna a hannun dangi har 2018, lokacin da aka sayar da lu'ulu'u guda daga ciki kan dala miliyan 36 a Geneva. Irin waɗannan a wasiyya ake samun su, da takardun aure, da na jingina, don sarakuna ma suna jinginar da kaya idan yaƙi ya cinye baitulmali.

Ko ka kai ƙarshen sawun, duba shekarar littafin da ya gaya maka inda abin yake. Kambin lu'ulu'u na Eugénie, matar Napoleon na Uku, da ake gani a kanta a zanen da mai zane Winterhalter ya yi, an sayar da shi a gwanjon 1887, ya koma hannun wani gidan sarauta a Jamus, aka sayo wa gidan tarihi na Louvre da ke Faris a 1992. Duk littafin da aka buga bayan nan kafin 2025 zai ce maka yana can cikin gilashi. Ranar 19 ga Oktoba, 2025, ɓarayi sun hau ta taga da safe, suka fasa gilashin, suka tafi da shi tare da wasu kaya bakwai.