Masu neman bizar karatu ta Birtaniya, ku kula da kwana 28

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda jami'a ta tura wa takardar CAS, wato shaidar an ba shi gurbin karatu, kada ya yi gaggawar cike fom sai ya duba asusunsa na banki.

Ƙa'idar ita ce, ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin zama na wata 9 su kwana 28 a jere cikin asusu. Ko na yini ɗaya suka gaza adadin, lissafi ya koma farko. Kuma takardar bankin kada ta wuce kwana 31 a ranar da za ka miƙa buƙata.

Inda aka fi zamewa shi ne canji. Da farashin fam na ranar da ka miƙa hukumomin Birtaniya za su auna nairarka, ba na ranar da ka zuba ba. Don haka ka ɗora wani abu a kai, naira ba ta da tabbas. Asusun kawu ko yaya ba ya shiga, amma naka yana shiga, haka ma na iyayenka, shi kuma sai da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu.

Gwajin tarin fuka kuwa a asibitin da suka amince kaɗai ake yi, wata 6 takardar take aiki.