Noman ƙananan tumatir da yadda ake sarrafa su a kicin

Ƙananan tumatir, masu girman ƙwan tantabara ko ƙasa da haka, sun fi manya zaƙi, sun fi su jure zafi, kuma sun fi saurin nuna. Matsalarsu ɗaya ce: ɓawonsu na da saurin tsagewa. Yawancin aikin kula da su yana komawa ne ga hana wannan tsagewar.

A fara da renon iri a ƙaramin mazubi mai huji a ƙasa. Zurfin rabin santimita ya isa, in ya wuce haka tsiron kan gaji kafin ya leƙo. Idan ƙasar na da ɗumi da danshi, zai fito cikin kwana 5 zuwa 10. Bayan mako 4 zuwa 6, in ya yi ganye huɗu ko shida, sai dashe, kuma da yamma ya fi. A cire ganyen ƙasa, a binne karan har kusa da ganyen da ya rage, domin tumatir na fitar da saiwa a duk inda karansa ya taɓa ƙasa. Tazara santimita 50 zuwa 60. Mai shukawa a bokiti ya nemi mai cin lita 20, ya huda gindinsa, tushe ɗaya kacal a ciki. Wurin ya riƙa samun rana awa 6 zuwa 8.

Tun ranar dashe a kafa sanda mai tsawon mita biyu. Nau'o'in ƙananan tumatir irin su Sungold da Sweet 100 ba sa daina tsawo muddin suna raye, kuma in aka bari sai sun girma kafin a kafa, sandar za ta yanke saiwa. A ɗaure da tsumma, sako-sako. Ƙananan rassan da ke fitowa a hammatar ganye a tsinke su da yatsa tun ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, a bar kara ɗaya ko biyu.

Sai ban ruwa, inda aka fi yin kuskure. Idan ƙasa ta bushe ƙayau sannan aka kwarara ruwa, cikin ɗan tumatirin zai kumbura da sauri fiye da yadda ɓawon zai iya buɗewa, washegari a tarar duk sun tsage. Maganinsa danshi daidai kullum. A cusa yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu, in ya fito a bushe a ba da ruwa, a gindi ba a kan ganye ba, saboda jiƙaƙƙen ganye na jawo cutar ɗigo-ɗigo. Na bokiti kan buƙaci ruwa kowace rana, da zafi har sau biyu. Busasshiyar ciyawa da aka shimfiɗa a gindi tana riƙe laima. In an ga hadari ya haɗo, gara a tsinke waɗanda suka kusa nuna, za su ƙarasa a ɗaki.

Ganye kore shar amma babu 'ya'ya, takin naitrojin ne ya yi yawa. Da zarar fure ya fito a koma ga mai yawan fotash. Fure na zuba kuwa, galibi zafi ne, musamman in ya haura digiri 32 da rana. Inuwar raga da tsakar rana na taimakawa. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa, nan farin ƙuda ke ɓuya, shi ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye, wadda ba ta da magani sai tuge tushen. Kada a shuka inda aka cire barkono ko dankalin turawa, danginsu ɗaya, cututtukansu ɗaya.

Wajen wata biyu bayan dashe ake fara tsinka. Gungu kan fara nuna daga sama, don haka ɗaya-ɗaya ake ɗiba. Kada a saka a firji, sanyi na rage musu ƙamshi.

A kasko kuwa, fashewar da ake gudu a lambu ita ake nema. A zuba mai cokali uku a faffaɗan kasko, ya yi zafi sosai, a juye rabin kilo ba tare da an yanka ba. Sai dai a tabbatar sun tsane bayan wanki, in ba haka ba man zai yi ta tartsatsi. A ƙyale su minti uku ba juyawa, har gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Sannan a rage wuta, a sa tafarnuwa ƙwaya uku da gishiri rabin ƙaramin cokali. Tafarnuwar da aka sa tun farko ƙonewa take yi ta daɗa ɗaci. A danne masu taurin kai da bayan cokali. Cikin minti goma ruwan ya haɗu da man ya yi kauri, ba sai an niƙa ba. Kasko ya cika maƙil, dahuwa za su yi maimakon suya, gara a raba biyu.

Idan sun yi yawa, a raba kowanne gida biyu, a jera a faranti cikin na kallon sama, a barbaɗa gishiri, a gasa a oven a digiri 120 na ma'aunin Celsius, awa biyu zuwa uku, har su yanƙwane. Ko a zuba su yadda suke a leda a jefa firiza. Ranar amfani kai-tsaye cikin tukunya, ba sai sun narke ba.